Abin da Matsirgar Nayagara Ta Koya Mini a Ajin Labarin Ƙasa

Duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa a babbar sakandare a wannan yanki namu ya san wahalar da ke cikin babin koguna. Mu a Daura ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ya fi yawa, rafukanmu kuma ba sa gudu sai da damina. Yaron da ya tashi a nan ya san rijiya, ya san kududdufi da fadama, wataƙila an taɓa kai shi ya ga madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam. Amma ka ce masa akwai inda kogi sukutum yake faɗowa daga saman dutse, dare da rana, rani da damina, sai ya dube ka kawai ya duƙa ya rubuta. Zai haddace zanen da ke cikin littafi, ya zana shi tsaf ranar jarrabawa, ya ci makinsa, alhali abin bai shige shi ba.

Misalin da littattafai suka fi kawowa a wannan babi shi ne matsirgar ruwa ta Nayagara. Don in riƙa samun abin da zan amsa wa yara na shiga bin labarinta, shekara da shekaru, kuma abin da na tsinta a ciki ya sauya yadda nake koyarwa gaba ɗaya. Hoton da muke nuna wa yara yana sa su ɗauka abin a tsaye yake wuri guda tun da Allah Ya halicce shi, kuma ba mai sa masa hannu. Duka biyun ba haka ba ne. Matsirgar tafiya take yi, ruwan da ake gani yana zuba kuwa an auna shi, an raba shi, an sa hannu a takarda a kansa.

Nayagara tana kan iyakar Amurka da Kanada, tsakanin jihar Niyok da lardin Ontariyo. Kogin da take kai gajere ne, kusan kilomita 58, aikinsa kawai ya kwashi ruwa daga Tafkin Iri ya zuba a Tafkin Ontariyo. Sai dai Iri ya fi Ontariyo tudu da kimanin mita 99, kuma fiye da rabin wannan gangara a wuri ɗaya ruwan yake yin ta. Matsirgar kashi uku ce. Babbar, wadda ta lanƙwasa har ake kiran ta da sunan takalmin doki, galibinta a ɓangaren Kanada take, tsayinta mita 57, faɗinta kusan mita 800, ita ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan. Sai ta ɓangaren Amurka, sai wata 'yar siririya a gefenta. Wani tsibiri mai suna Tsibirin Akuya ne ya raba babbar da sauran biyun.

Mita 57 a kan allo lamba ce kurum. Shi ya sa nake fita da yara filin ƙwallo, mu ja igiya mu auna mita 57 a ƙasa, wani ya riƙe nan, wani ya riƙe can, sannan in ce su ɗauka igiyar nan a miƙe take sama. A nan ne surutu ke ɗaukewa, ka ga suna ɗaga kai suna duban sama.

Asalin abin a cikin dutsen yake. Masana sun ƙiyasta cewa duwatsun wurin sun kwanta ne a ƙarƙashin wani teku marar zurfi fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, falle a kan falle. Fallen da ke sama dutse ne mai tauri, dangin wanda ake yin siminti da shi. Na ƙarƙashinsa kuwa laka ce ta daskare ta zama dutse, mai saurin ɓarewa da marmashewa. Daga baya ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita guda ta lulluɓe arewacin nahiyar, ta kwarzane ƙasa ta bar manyan ramuka. Da ta narke, ramukan suka cika suka zama manyan tafkuna biyar na yankin, har da Iri da Ontariyo, ruwan kuma ya nemi hanya ya bi ta kan wata doguwar gaɓar dutse ya faɗa ƙasa. Wannan kimanin shekara 12,000 ke nan. Tun daga lokacin ruwan yake cin fallen ƙasa mai laushi, yana rarake shi, har na saman ya rasa abin da zai tsaya a kai ya karye ya rufta. Duk ruftawa ɗaya, bakin matsirgar ya ja da baya ke nan. Yau tana kusan kilomita 11 daga inda ta fara, ta bar dogon kwazazzabo a bayanta.

Ranar da na fara fahimtar wannan sosai, sai na ga ai muna da shi a bayan gari. Akwai wani kwazazzabo da zaizayar ƙasa ta yi a gefen gonaki, ba nisa da makarantarmu. Bayan wani ruwan Agusta na nemi izini na ɗebi 'yan ajina muka je. A kansa, inda ruwa ke faɗawa, ga marmara ja a sama, tauri gare ta, kaurinta bai fi kamu biyu ba. A ƙarƙashinta ƙasa ce mai laushi, ruwa ya rarake ta ya yi kogo har yaro zai iya zura hannunsa zuwa kafaɗa. Marmarar ta yi leɓe a sama ba abin da ya tallafe ta, ta riga ta tsage, a gindin ramin kuma ga guntayen wadda ta faɗo a ruwan baya, ruwa yana gewaye su. Wani dattijo mai gona a wurin ya bar fartanyarsa ya matso.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Yara na kawo su ga ramin nan."

Ya ce, "Sannunku, Malam. Ai ramin nan ba nan yake ba da. Ka ga waccan bedin? Da ina saurayi can bakinsa yake. Kowace damina sai ya ci gaba, yana hawowa, ya cinye mini kunya nawa."

Wani yaro ya ce, "Baba, ba ƙasa ruwa ke tafiya ba? Yaya ramin ke hawa sama?"

Dattijon ya nuna kogon da ke ƙarƙashin marmarar da sandarsa, ya ce, "Ta nan yake ci, ɗana. In ya cinye gindin, saman ba shi da zaɓi."

Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan bayani ba, don ba abin da littafi ya faɗa da ya fi shi. Tun daga ranar, ba na fara wannan babi da hoton Nayagara. Da ramin bayan gari nake farawa, in yara sun gani da idonsu, sannan in ce to akwai inda wannan abin yake faruwa a cikin dutse, da ruwan da ba ya yankewa. Mun kuma kafa turke a wani wuri da muka auna daga bakin ramin, duk ƙarshen damina 'yan aji su koma su sake aunawa su rubuta a littafi guda da muke ajiyewa a ofis.

Batun aunawa ya kai ni ga wani Baturen Birtaniya masanin duwatsu, Charles Lyell, wanda ya je Nayagara a 1841. Ya yi tunanin cewa in an san tsawon kwazazzabon, aka kuma san nawa matsirgar ke ja baya a shekara, to za a iya sanin shekarunta. Ya ɗauki ƙafa ɗaya a shekara, wato kusan santimita 30, lissafi ya ba shi shekara 35,000. Binciken baya ya nuna shekarun ba su kai haka ba, don matsirgar ta fi haka sauri, kusan mita guda a shekara a tsawon tarihinta. Saurin ma ba ɗaya ba ne kullum: an yi wani dogon zamani da ruwan tafkunan sama yake bin wata hanya daban, Nayagara ta koma samun ɗan kaɗan, cinta ya ragu ƙwarai. Nakan ba yara lissafin biyu su yi da kansu, su raba kilomita 11 da santimita 30, su sake raba ta da santimita 90. Sai su ga hanya ɗaya ce, amma amsar ta dogara kacokan ga lambar da ka fara da ita. Ina ganin wannan ya fi musu amfani a rayuwa fiye da haddace shekara 12,000. Yaron da ya saba tambayar "ina aka samo wannan lambar?" ba za a yi saurin ruɗa shi da alƙaluma ba, a kasuwa ko a siyasa.

Tarihin mutanen wurin dogo ne, kaɗan nake taɓowa a aji. 'Yan asalin ƙasar sun zauna a gefen kogin tun kafin zuwan Turawa, sunan Nayagara ma daga bakinsu aka samo shi. Wani limamin Kirista da ya biyo ayarin Faransawa, Louis Hennepin, ya ga matsirgar a 1678 ya rubuta labarinta, sai dai tsayin da ya faɗa ya ninka na gaskiya kusan sau uku. Zuwa ƙarni na 19 masana'antu sun yi wa gaɓar kogin ƙawanya, masu filaye sun kafa shinge suna karɓar kuɗi kafin mutum ya leƙa. Wasu mutane suka tashi da fafutuka har jihar Niyok ta sayi filayen ta mai da wurin na jama'a a 1885.

Inda yara suka fi buɗe kunne shi ne batun lantarki, kuma ba sai an tambayi dalili ba, don kowannensu ya san karatu da fitilar waya. An fara samar da ɗan abin da ba a rasa ba a Nayagara tun 1881, amma babbar matsalar ita ce yadda za a kai ƙarfin nesa. Wutar da aka sani a lokacin irin ta batir ce, mai tafiya hanya ɗaya, ba ta iya dogon zango ba tare da ta zube a hanya ba. An kafa kwamitin masana a ƙarƙashin masanin kimiyya Lord Kelvin, aka kawo shawarwari iri-iri, har da masu cewa a tura ƙarfin da matsattsiyar iska ta cikin bututu. A ƙarshe, a 1893, aka ba kamfanin George Westinghouse kwangila ya yi amfani da wuta mai kai da komo, bisa ƙirƙirar Nikola Tesla. Ita wannan ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta nesa, a sauke a inda za a yi amfani da ita. Tashar ta fara aiki a 1895, a watan Nuwamba na 1896 kuma wuta ta isa birnin Bafalo, tafiyar fiye da kilomita 30. Taransifomar da ke bakin layinmu, wadda in ta ƙone unguwa ke shiga duhu ana karo-karo, jikar wannan shawara ce.

Wata rana ina cikin wannan bayani, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an cire wutar daga cikin ruwan, ruwan da ya rage yana da amfani? Ana iya sha, ana iya ban-ruwa da shi?" Wasu suka fara dariya, na hana su, don tambaya ce ta mai tunani, kuma manya da yawa haka suka ɗauka. Babu wata wuta a cikin ruwan da ake tacewa. Abin da ake amfani da shi nauyin ruwan ne da tsayin da ya faɗo. Ruwa ya biyo bututu da ƙarfi, ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, ruwan ya fita ta ƙasa yadda ya shiga, ko ɗigo bai ragu ba. Na roƙi malamin fiziks ya shigo ajin muka yi lissafin tare. Kubik mita ɗaya, wato lita 1,000, in yana faɗowa duk daƙiƙa daga tsayin mita ɗaya, yana ba da kusan kilowat 10. Ka ninka ruwan ko ka ninka tsayin, wutar ta ninku. Ruwa kubik mita 1,000 a daƙiƙa daga tsayin mita 90 zai ba da wajen megawat 800 bayan an cire asara, ya ɗara megawat 760 na injunan da aka girka a madatsar Kainji.

Wannan lissafi shi ya bayyana wani abu da ke ba mutane mamaki: manyan tashoshin lantarkin Nayagara na yau ba a bakin matsirgar suke ba. Ana janye ruwan tun daga sama kafin ya iso ta, a bi da shi ta magudanai da manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa, a kai shi can ƙasa kusa da inda kwazazzabon ya ƙare, don a ci moriyar tsayin kusan mita 90 maimakon 57. A ɓangaren Kanada akwai tashoshi biyu masu sunan Adam Beck, ta farko ta soma aiki a farkon shekarun 1920, ta biyu a 1954. A ɓangaren Amurka akwai tashar Robert Moses da aka buɗe a 1961. In aka haɗa su duka sun haura megawat 4,000. Wutar da babban layin Najeriya ke rabawa ƙasa baki ɗaya galibi tsakanin megawat 4,000 da 5,000 take. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji raina yana sosuwa, yaran ma ina ganin haka a fuskokinsu.

To in ana janye ruwa haka, me ya hana a janye shi duka? Nan ne zuciyar labarin a wurina. A 1950 Amurka da Kanada suka sa hannu a yarjejeniya. Daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da baƙi ke zuwa kallo, dole da rana a bar aƙalla kubik mita 2,832 a daƙiƙa ya zuba ta matsirgar. Da dare, da kuma sauran watannin shekara, a bar rabin haka, 1,416. Har sa'o'in an rubuta: daga ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare har tsakiyar Satumba, daga nan zuwa ƙarshen Oktoba kuma zuwa 8 na dare. Abin da ya rage ƙasashen biyu su raba don lantarki. Tun da kogin yana ɗauko kusan ninki biyu na adadin rana, ma'ana mai kallo da rana wajen rabin ruwan yake gani, da dare kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zuba. Akwai jerin ƙofofi a cikin kogin, sama da matsirgar, da ake buɗewa da rufewa don a cika wannan ƙa'ida. Ruwan da aka samu ƙari da dare, lokacin da buƙatar wuta ta ragu, ana tura wani sashinsa da famfo zuwa tafkunan da aka gina a tudu, da rana a sako shi ya sake juya injuna. Rage ruwan da aka yi, tare da gyare-gyaren bakin dutsen, ya sa ja da bayan ya ragu ƙwarai, yanzu bai fi santimita 30 a shekara ba.

Da na fara sanin wannan sai da na ji wani iri, don mutum yana so ya ɗauka akwai abin da ya rage a duniya da ɗan Adam bai sa masa famfo ba. Amma da na daɗe ina juya shi, sai na ga abin girmamawa ne. Mutane sun zauna sun yarda cewa kallo ma haƙƙi ne, mai otal da mai kwalekwale da yaron da aka kawo ya ga ikon Allah suna da rabo a ruwan kamar yadda mai masana'anta yake da shi. Ba su tsaya a fatan alheri ba, suka mai da shi lamba da sa'a da kwanan wata, suka sa masu aunawa, kuma fiye da shekara 70 ana bi. Ruwan baiwa ce, ba wanda ya yi shi. Amma abin da ya sa ya ishi kowa shi ne awo da cika alkawari.

Mu ma muna da ruwan da muke tarayya da maƙwabta. Kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya, shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya zagayo ya dawo Najeriya ya haɗu da Rima. A 1990 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan yadda za su raba ruwan kogunan da ke tsakaninsu, har da wannan. Akwai kuma layin wuta da ya tashi daga Katsina ya shiga Nijar yana ba yankin Maraɗi da Damagaram. An katse wutar da ake ba Nijar a Agustan 2023, aka mayar a Maris na 2024, kuma duk mai dangi a tsallaken iyaka, wanda a Daura kusan kowa ne, ya ji yadda watannin nan suka kasance. Yaranmu sun fi sanin yarjejeniyar Turai da ke cikin littafin tarihi a kan wadda ta shafi ruwan da kawunsu ke noman rani da shi. Yanzu ba na wuce wannan babi sai na zana musu Gada a allo, tun daga inda ya taso har inda ya koma.

Wani abin da na ɗaukar wa kaina shi ne ba zan ba yara labarin Nayagara rabi ba. A ranar 7 ga Yuni 1956, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta bayan bangon tashar Schoellkopf, wadda aka gina a jikin gaɓar kwazazzabon a ɓangaren Amurka. Ma'aikata suna ta ƙoƙarin tare shi da buhunan yashi, sai gaɓar ta rufto, kashi biyu cikin uku na tashar ya tafi cikin kogi, mutum ɗaya ya rasu. Dutsen da ya ba da tsayin shi ne dai dutsen da ke ruftawa, bai san tasha ba. Wannan asara ce ta sa aka gaggauta gina tashar Robert Moses, ita kuma tana buƙatar tafkin ajiya, sai aka nufi ƙasar ƙabilar Tuskarora, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Suka ƙi, aka je har Kotun Ƙoli, a 1960 ta yanke hukunci a kansu, ruwa ya shanye musu wajen eka 550. Ɗaya daga alƙalan da ba su yarda da hukuncin ba, Hugo Black, ya rubuta cewa manyan ƙasashe, kamar manyan mutane, ya kamata su cika maganarsu. Ƙasar da ta kiyaye wa maƙwabciyarta mai ƙarfi alkawari har da sa'o'i, ita ce ta karɓe ƙasar marasa ƙarfi a cikin gidanta. Ba na ɓoye wa yara wannan, kuma ina haɗa musu shi da tsohon garin Busa da Tafkin Kainji ya haɗiye, da mutum sama da 40,000 da aka tasa daga gidajensu kafin a kammala madatsar a 1968. Wanda ya kunna fitila ya kamata ya san akwai waɗanda kaburburan iyayensu ke ƙarƙashin ruwa.

Akwai kuma abin da wuta mai araha ta jawo. Masana'antun sinadarai da na ƙarfen alminiyam sun yi dafifi a birnin da ke gefen matsirgar a ɓangaren Amurka. Wani magudanin da aka fara haƙawa a shekarun 1890 don lantarki aka watsar, wanda ake kira Love Canal, ya zama juji, aka zuba masa dattin sinadarai wajen tan 20,000, aka rufe da ƙasa, daga baya aka gina makaranta da gidaje a wurin. A 1978 guba ta fito fili har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci aka kwashe ɗaruruwan iyalai.

Wani labarin da nake so shi ne na 1969. Injiniyoyin sojan Amurka suka datse ruwan ɓangarensu daga Yuni zuwa Nuwamba, matsirgar ta bushe ƙaf, mutane suka ga dutsen tsirara. Nufinsu su duba ko za a kwashe tulin duwatsun da suka rufto suka taru a gindinta, waɗanda suka rage mata tsayi. Suka huda, suka auna, suka yi nazari, a ƙarshe aka yanke shawarar a bar su yadda suke. Suna da injuna, suna da kuɗi, amma bayan bincike suka ga barin ya fi.

Yara kan tambaye ni, "Malam, mu me ya sa ba za a yi mana irin wannan ba?" Amsar gaskiya ita ce sirrin Nayagara ba tsayi ba ne kaɗai. A bayanta akwai tafkunan da ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke bisa doron ƙasa, su ke sa kogin ya gudana kusan daidai duk shekara. Sau ɗaya aka san ya tsaya da kansa, a ƙarshen Maris na 1848, da ƙanƙara ta toshe bakinsa na kwana guda da 'yan sa'o'i. Mu kuwa ruwanmu na wata huɗu ne, ya zo da ƙarfi ya wuce. Matsirgar Gurara a jihar Neja da Matsirga ta Kafanchan suna cika su yi ruri da damina, da rani su rame. Shiroro ma, mai megawat 600, ƙarfinta yana bin yawan ruwan da aka tara. Inda ƙasa ta ba da dama an yi tun da daɗewa: a tsaunukan Jos an kafa tashar lantarki a matsirgar Kurra tun wajen 1930 saboda ma'adinan kuza. Katsina ba ta da tsayin, ba ta da kogin da ba ya ƙafewa. Rana gare mu da iska, shi ya sa aka kafa farfeloli 37 a Lambar Rimi don megawat 10, sola kuma ga ta nan tana hawa rufin gidaje da shaguna.

Duk wanda zai gina wani abu a kan ruwa ko iska ko rana, abu na farko da zai nema shi ne rubutaccen awo na shekaru masu yawa a jere, ba giɓi. Waɗanda suka rubuta 2,832 a yarjejeniya sun iya yin haka ne don wasu sun shafe shekaru suna auna kogin kullum suna rubutawa. Wannan aiki ne da ba ya buƙatar kwangila, makarantar sakandare ma za ta iya. Mun samu ma'aunin ruwan sama mun kafa a fili nesa da bishiya, na raba wa 'yan aji kwanaki, duk safiyar da aka yi ruwa mai ranar ya je ya karanta milimita nawa ne, ya zubar, ya rubuta da kwanan wata. Wahalar ita ce dogon hutu yana faɗawa a tsakiyar damina, daidai lokacin da ruwa ya fi sauka. Yaran da gidajensu ke kusa su suka karɓi watan Agusta, maigadin makaranta yana buɗe musu ƙofa, shi ke tuna musu ma in sun makara.